Ƙadangaruwa a Tudu na Uku

Kafin a aika a kira Mai Bin Sawu, an riga an share titin, an kwarara masa ruwa bokiti-bokiti, kuma duk mai ƙafa a unguwar ya taka wurin.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Da sassafe, kafin a buɗe shaguna, wata mota ta banke Mai Ƙwai a kan kekensa, daidai tudun rage gudu na uku. Ta karya masa ƙafa, ta watsar da ƙwan da ya ɗauko, ta gudu. Ba wanda ya gani da idonsa. Amma kafin hantsi, kowa ya san wadda ta yi.

Mai Bin Sawu ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙiyar kwalta. Ya yi shekaru yana bin ɓarayin shanu a daji kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma bai taɓa ganin ɓarawon da ya goge sawunsa tas kamar yadda mutanen kirki suka goge wannan ba.

"Wa ya ce a wanke?"

"Ni na ce," in ji Ciyaman, shugaban kwamitin unguwa. "Ƙarni ya ishi jama'a, ga ƙudaje. Kuma ai ba wani bincike ake nema ba. Mun kira ka ne don kada gobe a ce ba a yi adalci ba, tunda wanda ake zargi mijin 'yarka ne."

Ya nuna kan tudun da tsinin takalminsa. Akwai kartar jan fenti a jikin simintin.

Jar mota ɗaya ce a unguwar da cikinta ke jan ƙasa. Motar tsere ce ta wani attajiri da ya yi tafiya ya bar ta a garejin surukin Mai Bin Sawu don a duba ta. Saboda yadda take shimfiɗe, mutane suka sa mata suna Ƙadangaruwa.

"Kofur ɗan sanda zai zo da yamma," in ji Ciyaman. "Za mu miƙa masa yaron da motar. Garejin kuma kwamiti zai rufe shi. Mun gaji."

"Ku ba ni zuwa yamman."

"Me za ka duba? Ai ga shi ka gani."

"Na ga kun iya wanki," in ji Mai Bin Sawu, ya wuce.

*

Surukin nasa bakanike ne, amma tun da ya yi wani kwas ya hana a kira shi da komai sai Injiniya. Mai Bin Sawu bai taɓa kiran sa da hakan ba. Ya same shi a gareji yana goge fitilar Ƙadangaruwa da ƙyalle mai laushi, mutane kuma sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Auta, 'yar Mai Bin Sawu, tana zaune a kan tsohuwar taya, ta rafka tagumi.

"Baba, ka yi masa magana," ta ce. "Tun ɗazu nake cewa ya rufe bakinsa."

"Ka fita da motar nan yau?"

"Na fita, Baba. Da sassafe. Irin wannan mota ba a barin ta a zaune, batirinta..."

"Ka bi ta tudu na uku?"

"Ai ba wata hanyar da za ta iya bi. Amma lokacin da na wuce ba kowa a wurin."

Daga bakin ƙofa wani ya ɗaga murya. "Ƙarya ne! Wace mota ce za ta buge mutum ta ɓace kafin a leƙo, in ba wannan ba?"

Injiniya ya miƙe, fuskarsa ta washe kamar an yaba masa ɗa. "Wannan kam gaskiyarka. Daga tsaye cik zuwa gudun kilomita ɗari, sakan uku take yi. Uku! Motar Ciyaman sai ta yi sakan goma sha huɗu, shi ma in iska na bayanta. Ƙarshen gudun wannan ya haura ɗari uku. Tasu in ta kai ɗari da sittin, sai ƙofofi su fara salati."

"Kun ji ko? Da bakinsa!"

Auta ta dafe kai. Mai Bin Sawu ya dubi surukinsa tsawon lokaci. A cikin samarin da suka nemi Auta har da wani malamin lissafi mai shiru-shiru. Ya tuna da shi yanzu, kamar yadda yake tunawa da shi kusan kowane mako.

"Kai," ya ce a hankali, "in an tambaye ka sunanka ma, ka ce sai ka yi shawara."

Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin motar. Hannunsa a kwance ne kawai ya shiga tsakanin haɓarta da ƙasa. Gefen haɓar duk ya karce. Ya shinshina gaban, ya shinshina tayoyin. Man goge mota kawai ya ji.

"Wanke ta ya yi!" aka ce daga ƙofa.

"Kullum sai na wanke ta sau biyu," in ji Injiniya.

"Na ce ka yi shiru!"

*

A asibiti, Mai Ƙwai yana kwance an ɗaure ƙafarsa, 'yan dubiya sun kewaye gadon.

"Sannu da jiki. Me ka gani?"

"Jar mota ya gani," in ji yayarsa.

"Kamar walƙiya," in ji wani maƙwabci.

"Shi na tambaya."

"Ai shi ba ya cikin hayyacinsa, mu muka ɗauko shi."

Sai da Mai Bin Sawu ya roƙi ma'aikaciyar ɗakin ta ce lokacin allura ya yi, sannan aka watse. Mai Ƙwai ya sauke ajiyar zuciya.

"Wallahi, Baba, ban ga komai ba. Ina kan keke, sai na gan ni ina kallon sama."

"A ina kake, tsakiyar titi ko gefe?"

"Gefe. Ka san a tudu na uku akwai wani ɗan giɓi ta bakin kwata, inda simintin bai kai ba. Nan nake bi kullum. Mai ƙwai ba ya hawa tudu."

"Me ka ji kafin ta buge ka?"

Mai Ƙwai ya ɗan yi tunani. "Ban ji komai ba. Abin da ke ba ni mamaki ke nan. Ita Ƙadangaruwa tun daga gareji nake jin ta, sai in sauka in riƙe kekena, don rurinta kaɗai ya isa ya fasa ƙwai. Amma sun ce ita ce. Ƙila tsabar gudu ne ya sa ta riga ƙararta isowa."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Ciyaman. Ya zo ɗazu, har da lemo ya kawo."

*

Shaidun da suka ji rurin motar sun fi goma. Mai shagon kayan masarufi ya ji shi kafin ya yi wanka. Matarsa ta ji shi bayan ya yi wanka. Mai gadin makaranta ya ji shi sau uku, sannan da aka matsa masa ya ce wataƙila na jiya ne. Ba wanda ya iya cewa ya ji rurin tare da faɗuwar keke.

Wata tsohuwa ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa ya duba motar Nas, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a ƙarshen layi. Ya je. Ƙaramar mota ce ruwan toka, kuma lallai gabanta na hagu ya loɓa.

Nas ta fito da buroshi a baki, ta dawo daga aikin kwana. "Baba, in dai wannan loɓawar ce, ga wanda ya yi ta." Ta nuna ginshiƙin ƙofar gidanta. "Ni da shi mun daɗe muna wannan rigimar."

Ya gwada tsayin loɓawar da sandarsa, ya gwada a ginshiƙin. Daidai. Cikin loɓawar har ya fara tsatsa.

"Allah ya ba ku haƙuri, ke da shi," ya ce.

Daga nan ya koma titin, ya bi shi a ƙafa tun daga gareji har mahaɗa. Tuddai huɗu ne. Kwamiti ne ya sa aka gina su bayan zuwan Ƙadangaruwa, kuma an gina su da fushi: kowanne ya kusa kai rabin ƙaurin mutum. A kan kowanne akwai kartar jan fenti, ba a na ukun kaɗai ba. Wata sabuwa, wata ta dushe. Kuma duk a karkace suke, ba wadda ta tafi a miƙe.

A tudu na uku ya tsuguna a bakin kwata. Giɓin bai fi faɗin taya ɗaya ba, ƙasansa ya yi sumul saboda yawan bi. Ya ɗebi ruwa a hannu daga wani bokiti da aka manta, ya zuba a titin. Ruwan ya gangara ɗaya gefen.

Maginin da ya yi aikin yana kwaɓa siminti a wani kango kusa.

"Giɓin can, mantuwa ka yi?"

"Ni? Ban taɓa mantuwa a aiki ba. Ciyaman ne ya ce a bar wa ruwa hanya."

"Ruwan ta can yake bi."

"Na gaya masa. Ya ce shi ne Ciyaman ko ni?" Magini ya goge gumi. "In ka sa tayoyin gefe ɗaya a giɓin, ka hau da ɗaya gefen, ba sai ka taka birki ba. Masu ƙananan motoci da yawa sun gane. Amma ka san wanda salansar motarsa ke lilo tun bara, ba ya son ta taɓa tudu."

Mai Bin Sawu ya gode masa. A hanyarsa ya bi ta ƙofar Ciyaman. Motar na ciki, an lulluɓe ta da tamfol har ƙasa. Wata kyanwa tana zaune a gabanta, ta ƙura wa tamfol ɗin ido.

Kyanwa ba shaida ba ce da za a kai gaban Kofur. Ya tsaya ya ɗan yi tunani, sannan ya nufi gareji, yana jin haushin abin da zai roƙa.

*

Da yamma unguwa ta taru a bakin gareji. Kofur ya zo a kan babur, da alamar mutumin da aka taso daga abinci.

"Ina direban?"

"Ga shi," in ji Mai Bin Sawu. "Amma kafin ka tafi da shi, ina so a yi tsere."

"A yi me?"

"Tsere. Daga nan zuwa mahaɗa. An ce mota ɗaya ce a layin nan za ta iya buge mutum ta ɓace kafin a leƙo. To, gani ya kori ji. A fito da ita, a fito da sauran motocin layin."

"Wannan wasan yara ne," in ji Ciyaman. "Tawa ma ba ta da lafiya."

"Ai ba ta taɓa lafiya ba," in ji Injiniya. "Akwalar da sai an yi mata addu'a take hawa gada?"

Karo na farko a ranar, Mai Bin Sawu bai ce masa ya yi shiru ba.

Jama'a suka ɗauka. "Ciyaman, kada ka bari yaro ya raina mu!" "Fito da ita!" Kofur, wanda ya fara jin daɗin zuwansa, ya ce duk motar da ke layin ta fito, ba togiya. Ciyaman ya duba hagu, ya duba dama, ya tafi ya yaye tamfol. Farar mota ce mai ƙofa huɗu, irin wadda ake gani goma a kowace mahaɗa. Tana ƙyalli kamar ranar da aka saye ta.

Injiniya ya ce Ƙadangaruwa ba ta tashi sai injinta ya ɗumama. Mutane suka yi tsaki. Mai Bin Sawu ya ce adalci shi ne kowa ya kunna tasa a jira tare. Aka kunna. Aka jira. Injiniya ya cika lokacin da bayanin cewa injin motar na da ƙarfin doki ɗari bakwai, na Ciyaman kuwa da ƙyar ya kai ɗari, cikinsu ma rabi tsofaffi ne.

Nas aka fara haɗawa da Ƙadangaruwa. Kofur ya sauke hularsa, alamar a tashi. Ƙadangaruwa ta yi wani ruri da ya sa yara toshe kunne, kuma kafin Nas ta saki kuloc, jar motar ta riga ta isa tudun farko. Jama'a suka yi ihu.

Sai ta tsaya cak.

Injiniya ya karya sitiyari, ya karkata motar, ya ɗora tayar gaba ɗaya a kan tudun kamar mai taka ƙaya. Sannan ta biyu. Haɓar ta yi ƙara a jikin siminti. Yana cikin lallaɓa tayar baya Nas ta iso, ta taka birki, ta hau, ta sauka, ta wuce tana ɗaga masa hannu. Ya sake yin ruri ya cim mata a tudu na biyu, ya sake tsayawa. Lokacin da Nas ta kai mahaɗa ta juyo, Ƙadangaruwa tana tsakiyar hawa na uku, wani tsoho mai sanda yana wuce ta.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Sannan Auta ta fara, sauran suka bi.

"Doki ɗari bakwai," in ji Kofur, "ba ko ɗaya mai tsalle."

"Kun ga fentin da kuka nuna mini," in ji Mai Bin Sawu. "A kowane tudu akwai shi, kuma a karkace. Motar da ke hawa haka ko kaza ba za ta buge ba. Ku kuka gina tuddan don ku hana ta gudu, kuma kun hana ta. Saura Ciyaman."

"Ai an riga an gani," in ji Ciyaman. "Me ya rage?"

"Kowa ya fito, kowa zai yi," in ji Kofur.

Aka dawo da Ƙadangaruwa layi. Ciyaman ya tashi a hankali, kamar mai ɗauke da mara lafiya. A tudun farko ya taka birki yadda littafi ya ce, ya wuce jar motar tana fama. Amma tsakanin na farko da na biyu Injiniya ya zo ya shafte shi da ruri, har ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, in turo ka ne?" Jama'a suna bin su a guje suna kiran Ciyaman. Bayan tudu na biyu Injiniya ya sake shafte shi. Mai Bin Sawu, wanda ya riga ya je ya tsaya kusa da tudu na uku, ya ga lokacin da wuyan Ciyaman ya sandare, ya ji injin farar motar ya ɗaga murya.

Ba ta rage gudu ba. Ta zame gefen kwata, tayoyinta biyu suka faɗa giɓin kamar zare a allura, ta wuce jar motar, ta wuce tudun. Ba ruri, ba ƙarar birki. Da akwai keke a wurin, mai shi ba zai ji komai ba.

A mahaɗa Ciyaman ya fito ana tafa masa. Ya ɗaga hannu yana murmushi. Sannan tafin ya fara raguwa, don mutanen da ke kusa da gaban motar sun fara ɗaga hanci.

"Wa ke suya?" in ji Nas.

"Batir ne," in ji Ciyaman da sauri. "In batir ya lalace haka yake wari. Ku matsa, ku matsa daga jikin mota!"

"Ba wanda ya taɓa ta," in ji Mai Bin Sawu, da ya iso yana dogara sanda. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as." Ya juya ya ƙwala wa surukinsa kira. "Kai! Bar wannan abar a nan, zo da ƙafa, ya fi sauri. Zo ka buɗe mana gaban nan."

Injiniya ya zo ya ɗaga murfin injin. Ya sunkuya, ya zura yatsu biyu tsakanin ragar gaba da lagireto, inda tiyo da soso ba sa kaiwa. Ya fito da ɓawon ƙwai, da wani abu fari da rawaya wanda ya soyu har gefensa ya yi baƙi. Ya ɗaga shi sama. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi surukinsa, ya rufe.

Ciyaman ya zauna a kan bambar motar. Ya ce sauri yake yi ya kai takarda ofis kafin layi ya yi tsawo. Ya ce bai ga keken ba sai da ya ji shi. Ya ce ya zagaya ta bayan layi ya koma gida don ya kira taimako, da ya fito ya tarar mutane sun riga sun ambaci Ƙadangaruwa, shi kuma bai ga dalilin musa wa jama'a ba.

"Shi ya sa ka sa aka wanke titi," in ji Kofur.

"Ƙudaje..."

"Hau babur, ranka ya daɗe. Ka ƙarasa a can."

Mutane suka watse a hankali, kowa yana gaya wa na kusa da shi cewa shi dama tun safe bai yarda ba. Mai shagon kayan masarufi ya ce shi bai taɓa cewa ya ji ruri ba. Yayar Mai Ƙwai ta tambayi Injiniya ko yana gyaran keke.

Auta ta zo ta karɓi sandar mahaifinta ta riƙe masa hannu. "Baba, na gode. Ka ga ai yana da amfani."

"Yatsunsa suna da amfani."

Suka kama hanyar gida. Sun wuce tudu na uku suka tarar da Ƙadangaruwa a na biyu, an juyo da ita, taya ɗaya a sama, uku a ƙasa. Injiniya ya sauke gilashi.

"Baba, gwiwarka. Shigo in kai ka gida."

Mai Bin Sawu bai ko tsaya ba.

"Bar shi," ya ce. "Sauri nake yi."